Halin Mutum a Ranar da Aka Sake Tsarin Aiki

A ranar 6 ga watan Yuli na shekarar 2004, sa'ad da Gwamnan Babban Bankin Nijeriya na wancan zamani, Farfesa Charles Soludo, ya tara shugabannin bankunan ƙasar ya shaida musu cewa duk bankin da bai ɗaga jarinsa daga naira biliyan 2 zuwa biliyan 25 kafin ƙarshen shekarar 2005 ba, to, ya nemi wanda zai haɗe da shi ko kuwa ya rufe ƙofa, mafi yawan masu sharhi sun duƙufa ne a kan lissafin kuɗi da hannayen jari, ƙalilan ne suka waiwayi dubban ma'aikatan da za su kwana a ƙarƙashin wani suna su wayi gari a ƙarƙashin wani. Wa'adin na cika, bankuna 89 suka koma 25, har ya zama banki guda, watau Unity Bank, an harhaɗa shi ne daga bankuna tara, cikinsu har da Bankin Arewa mai hedkwata a Kano. Ma'ana dai al'adun aiki tara, da jerin manya tara, da hanyoyi tara na cika takarda ɗaya, duka aka tara su a inuwa guda aka ce su zama abu ɗaya.

Duk wanda ya taɓa zama a wata ma'aikata a irin wannan marra, banki ko asibiti, sakatariyar gwamnati ko makaranta, ya san cewa takardar sanarwa ɗaya ake karanta wa kowa, amma kunnuwan da ke saurarenta ba abu ɗaya suke ji ba. Akwai wanda tun ba a kai ƙarshen karatun ba ya fara lissafin kujerar da za ta buɗe masa. Akwai wanda zai koma gida ya kasa cin tuwo, ya kwana yana juyi, alhali kuwa babu inda takardar ta ambaci sallama. Akwai dattijon da zai gyara zaman hularsa ya ce ya ga irinta da yawa, wannan ma za ta wuce. Akwai kuma wanda ya fi su duka wuyar sha'ani, wanda zai rusuna ya ce, "To, ranka ya daɗe, an gama," sa'an nan ya koma teburinsa ya ci gaba da yin aiki yadda ya saba tun fil azal. Sau da yawa mutanen nan makarantarsu ɗaya, matakin albashinsu ɗaya, abin da za su samu ko su rasa a cikin sauyin ma kusan ɗaya ne. Saɓanin yana cikin halinsu, wannan babu mai musu. Abin da ke buƙatar bahasi shi ne iyakar ƙarfin da halin yake da shi, domin na lura shugabanni sun fi kowa saurin jingina komai gare shi, musamman a ranar da sauyin da suka kawo ya ƙi tafiya.

Mas'alar ba baƙuwa ba ce a wurin malamanmu. Hukama'un da, tun daga Jalinusa na Yunanawa har zuwa Ibnu Sina wanda ya rasu a 1037, sun tafi a kan cewa jikin ɗan Adam ya ginu bisa ruwaye huɗu, jini da majina da safara'u da sauda'u, kuma wanda ya rinjaya a jikin mutum shi ke hukunta ko zai zama mai fara'a da karsashi, ko mai sanyin jiki, ko mai saurin fushi, ko mai yawan tunani da zullumi. Likitancin zamani ya ajiye wannan bayani gefe, amma bai ƙaryata abin da suka gani da idonsu ba, watau cewa mutane suna zuwa duniya da ɗabi'u dabam-dabam. Imamu Gazali kuwa, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya yi raddi a cikin Ihya'u ga masu cewa hali ba ya karɓar canji, yana mai kafa hujja da cewa da haka abin yake, da wa'azi da tarbiyya duk sun zama aikin banza, ga shi kuwa ana horar da doki da shaho har su bar ɗabi'arsu ta asali. Sai dai ya yarda cewa mutane sun sha bamban wajen saurin karɓar horon, wani nan da nan, wani sai an daɗe ana fama. Bahaushe ma yana riƙe da ɓangarorin biyu ba tare da ya damu da sulhunta su ba, domin shi ya ce hali zanen dutse, shi kuma ya ce sabo turken wawa, na farko yana ba mutum uzuri, na biyu yana ganin laifinsa.

Wurin da aka ɗora mas'alar a kan mizani, aka auna ta da ƙidaya maimakon zato, wata masana'antar ɗinki ce a wani ƙaramin gari mai suna Marion a jihar Birjiniya ta Amurka. A lokacin, kamfanin Harwood ke da ita, kayan barci take ɗinkawa, ma'aikatanta kimanin mata 500 da maza 100, galibinsu 'yan ƙauyukan kewaye waɗanda ba su taɓa aikin masana'anta ba. Jinga ake biyansu, an kuma auna kowane aiki da agogo an yanka masa ma'auni, wanda ya kai 60 a awa shi ne ya cika ma'aikaci. Shugaban kamfanin, Alfred Marrow, shi kansa masanin halayyar ɗan Adam ne, kuma aminin Kurt Lewin, malamin nan Bayahude da ya baro Jamus a 1933 bayan Hitler ya hau mulki, wanda har yau ake lissafa shi cikin iyayen nazarin yadda jama'a ke karɓar sauyi. Ciwon da ke damun Marrow shi ne, kasuwa tana tilasta masa sake fasalin kaya da hanyar ɗinki a kai a kai, kuma duk sa'ad da aka ɗauke mace daga aikin da ta ƙware aka kai ta wani, sai al'amari ya dagule: cikin ƙwararrun da aka sauya wa aiki, kashi 38 cikin ɗari kaɗai ke komawa ma'aunin 60, ragowar kashi 62 ko dai su dawwama a ƙasa ko su ajiye aikin su kama gabansu. Abin da ya fi ɗaure kai, ƙwararriyar da aka sauya wa aiki takan fi sabuwar ɗauka daɗewa kafin hannunta ya faɗa, ko da kuwa ana ba ta wani ƙari a kan jinga domin kada ta yi asara a lokacin koyo.

Fassara mafi sauƙi, wadda kowane manaja zai so ya ji domin ta wanke shi, ita ce 'yan matan ƙauye ne masu taurin kai da ƙin sabon abu. Lester Coch, jami'in kula da ma'aikata na kamfanin, da John French, almajirin Lewin, suka ƙi karɓar wannan fassara sai sun jarraba ta, kuma sakamakon da suka buga a 1948 ya zama ɗaya daga cikin shahararrun rubuce-rubuce a wannan fanni. Suka ware rukuni huɗu na ma'aikata waɗanda ƙwazonsu ya yi kusa da juna, girman sauyin da za a yi wa aikinsu ma ya yi kusa. Rukuni na farko, masu guga su 18, aka bi da su yadda aka saba: aka kira su ɗaki, aka gaya musu gasar kasuwa ta sa dole a sake aikin, ga sabuwar hanya ga sabuwar jinga, aka amsa tambayoyinsu, aka sallame su. Rukuni na biyu, masu ninke kaya su 13, aka ajiye musu riguna biyu iri ɗaya sak, ɗaya ɗinkin 1946 ɗaya ɗinkin 1947, ta farko an sayar da ita ninki biyu na kuɗin ta biyu, aka ce su nuna mai arahar, suka kasa. Da haka suka ga da idonsu dalilin da ya wajabta rage tsadar aiki, sa'an nan aka fitar da wakilai daga cikinsu waɗanda suka zauna da hukumar kamfani aka tsara sabon aikin tare. Rukuni na uku da na huɗu, masu duba aibin kaya, su 8 da su 7, kasancewarsu kaɗan, kowace ɗaya daga cikinsu ta sa baki a tsarin.

Masu guga suka faɗi zuwa wajen 50 a awa suka tsaya cik a nan, suka shiga takun saƙa da mai duba aikinsu da injiniyan da ya auna lokaci, suka kai ƙara kan sabuwar jinga, kuma cikin kwana 40 na farko kashi 17 cikin ɗari nasu suka bar aiki. Masu wakilai suka koma ma'auninsu cikin mako biyu, ana jin su suna cewa "aikinmu" da "jingarmu". Waɗanda kowa ya sa baki kuwa, 'yar tangarɗa kaɗan suka yi a farko, kana suka haura har suka zarce matsayinsu na da da kimanin kashi 14 cikin ɗari, kuma a rukunan nan uku babu ko mutum ɗaya da ya ajiye aiki a cikin kwanakin nan 40. Da a nan aka tsaya, da mai jayayya zai iya cewa tsautsayi ne ya tara masu baƙin hali a rukunin masu guga. Amma bayan an tarwatsa rukunin an rarraba su cikin masana'anta, sai bayan wata biyu da rabi aka sake tattaro mutum 13 da suka rage, aka ba su wani sabon aikin guga, wannan karon aka yi shawara da kowace ɗayansu. Sai ga waɗanda jiya ake kira masu taurin kai sun koyi aikin nan da nan, sun haura abin da suke yi a da, babu faɗa, babu mai tafiya. Mutanen nan dai su ne, halin da iyayensu suka haife su da shi bai je ko'ina ba a cikin wata biyu da rabi. Abin da ya sake shi ne ƙofar da aka biyo aka shigo musu.

A nan ne masu gaggawa suka yanke hukunci cewa hali ba komai ba ne, shawara ita ce maganin kowace cuta, kuma an yi shekaru ana koyar da haka a makarantun koyon shugabancin ma'aikatu. Sai dai French da kansa, da ya sake gwajin tare da abokan aikinsa a wata masana'antar takalma a ƙasar Norwe, aka buga sakamakon a 1960, bai ga wani bambancin a zo a gani a yawan aikin da aka yi ba, a ƙasar da ma'aikata suka saba cewa wakilan ƙungiyar ƙwadago su ne halattacciyar hanyar magana da hukumar kamfani. A wannan shekarar kuma aka buga binciken Victor Vroom, wanda ya yi a kan masu duba aiki a wani babban kamfanin kai kaya a Amurka, inda ya gano abin da a ganina shi ne ƙashin bayan wannan bahasi baki ɗaya: shigar da mutum cikin shawara yana ƙara wa mai son cin gashin kansa gamsuwa da himma ƙwarai, amma mutumin da ɗabi'arsa ta fi natsuwa da a ba shi umarni bayyananne daga sama, shawarar ba ta ƙara masa wani abin kirki. Kowa ya san irin wannan ma'aikaci, kuma sau da yawa yana cikin mafi amana. Idan ka tambaye shi ra'ayinsa sai ya ce, "Yallaɓai, yadda kuka gani," kuma har zuciyarsa haka yake nufi, bal ma yana iya ɗaukar yawan tambayar a matsayin alamar cewa shugaban bai san inda ya dosa ba. Ashe dai halin mutum da hanyar da aka kawo masa sauyi ba su rabuwa, kowanne yana bayyana ne ta cikin ɗaya.

To, waɗanne sassa na hali ne suka fi taɓa wannan al'amari? A 1966 Julian Rotter ya fito da ma'aunin da ke rarrabe mutanen da ke ganin ragamar al'amuransu tana hannunsu, da waɗanda ke ganin komai yana hannun sa'a ko hannun manya, kuma bincike bayan bincike ya nuna cewa kashin farko sun fi jure girgizar sauyi, saboda da an ce ga sabon tsari, tunaninsu yakan tafi ga abin da za su yi. Ya kamata a yi hattara a nan kada wani ya ɗauka imani da ƙaddara ake zargi, domin malamai sun daɗe da bayyana cewa tawakkali na gaskiya yana tafiya ne tare da riƙon sababi, hadisin ɗaure raƙumi kuwa sananne ne ga ɗan makarantar allo ma. Mumini mai cikakken tawakkali yana iya zama mafi natsuwar mutane a ranar da ake karanta sunayen waɗanda aka yi wa canjin wurin aiki, kuma shi ne na farkon zuwa koyon sabuwar kwamfuta. A 1999 Timothy Judge da abokansa suka nazarci manajoji 514 a ma'aikatu shida da ke cikin sauyi, suka tarar da cewa ɗabi'u bakwai da suka auna suna tattaruwa ne a ƙarƙashin abu biyu, kyautata wa kai zato, da iya zama cikin rashin tabbas ba tare da zuciya ta tsinke ba. Na biyun nan ya fi muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin mafi tsananin lokacin sauyi shi ne tsakanin sanarwa da aiwatarwa, watannin da babu wanda ya san gaskiyar magana sai jita-jita, wanda a wajen wasu mutane ya fi mummunan labarin kansa ciwo.

Wanda ya fi kowa tsayawa a kan ƙin sauyi a matsayin ɗabi'a mai zaman kanta shi ne Shaul Oreg, masani ɗan Isra'ila, wanda a 2003 ya tsara tambayoyi 17 na auna ta, daga baya a 2008 aka jarraba su a ƙasashe 17 aka ga ma'aunin yana aiki. Ya ce abin da muke tarawa mu kira taurin kai, a haƙiƙa abubuwa huɗu ne da ba lalle su haɗu a mutum ɗaya ba. Akwai son abin da aka saba, irin na mutumin da hanyarsa ta zuwa ofis ɗaya ce, wurin zamansa a masallaci ɗaya ne. Akwai tashin hankalin da ke kama jiki da an ce an sake shiri. Akwai kallon wahalar yau har ta rufe wa mutum amfanin gobe. Akwai kuma wuyar saukowa daga ra'ayi bayan an riga an hau. Fa'idar wannan rarrabewa a fili take ga mai hankali, domin mai son saba lokaci yake buƙata da a bar masa wani abu na tsohon tsari da zai dafa, mai fargaba labari na gaskiya yake buƙata tun da wuri, mai kallon wahalar yau horo da rangwame yake buƙata a makonnin farko, alhali mai kafewa a ra'ayi, idan ba a neme shi tun kafin ya furta matsayinsa a bainar jama'a ba, to, an makara, domin daga nan mutuncinsa yake karewa. Shugaban da ya haɗa su duka ya yi musu huɗuba ɗaya a ɗakin taro, da wuya ya dace da ko ɗaya.

Akwai kuma wani abu da duk 'yan Adam suka yi tarayya a cikinsa, ko da yake ƙarfinsa ya bambanta daga mutum zuwa mutum, wanda Daniel Kahneman da Amos Tversky suka bayyana a 1979, cewa zafin rasa abu ya fi daɗin samun kwatankwacinsa, har ƙididdigarsu ta baya ta kai shi wajen ninki biyu. Wannan yana taimakawa wajen warware abin da ya ɗaure wa mutanen Harwood kai. Sabuwar ɗauka ba ta da abin rasawa, duk abin da ta ɗinka yau ci gaba ne a kan jiya. Ƙwararriya kuwa, wadda jiya ake nuna ta ana cewa a yi koyi da ita, yau ta koma 'yar koyo a gaban waɗanda ta girma, kuma kuɗin da aka ƙara mata a jinga bai biya wannan ba. Haka al'amarin tsohon akawu yake a ranar da aka kawo kwamfuta aka ce a daina fayil: shekarun da ya yi yana sanin inda kowace takarda take, wanda shi ne ya sa har darakta yake sauko da murya idan zai yi masa magana, sun tashi a banza cikin dare ɗaya, yaron da ya shigo bara ya zama malaminsa. Wanda ya kira wannan jahilci bai yi adalci ba. Mutumin ya fahimci sauyin sarai, ya ma riga mai kawo shi gane abin da zai ci.

Wani abin mamaki da Oreg da abokiyar bincikensa Noga Sverdlik suka nuna a 2009 shi ne, idan sauyin na dole ne daga sama, lissafin yana iya rikicewa. Mutumin da ke son sabon abu galibi kuma mai son 'yancin kansa ne, saboda haka sabon tsarin yana jan sa, tilascin yana tunkuɗa shi; mai riƙon gargajiya kuwa, ko da yake ba ya son a taɓa abin da ya saba, yana girmama na gaba, saboda haka shi ma zuciyarsa a rabe take, ta wata fuskar dabam. Wannan ya sa wani lokaci za ka ga matashin da kowa ya ɗauka shi zai riƙe tutar gyara shi ne ya fi kowa ƙorafi a bayan ofis, dattijon da ake tsoro kuwa ya haɗiye ya bi. Shugaban da ya zana sunayen magoya baya da 'yan adawa tun kafin sanarwa, bisa shekaru ko bisa abin da yake zato na halin kowa, yana iya shan kunya.

Sa'an nan hali ba ya tafiya shi kaɗai, a cikin jama'a yake rayuwa. Coch da French sun kawo labarin wata mai guga da ke cikin wani rukuni wanda ya yi ittifaƙi a ɓoye cewa kada kowa ya wuce wajen 50 a awa. Yarinyar mai himma ce, ta fara haurawa, sai abokan aikinta suka sa ta a gaba da tsangwama har ta sauko ta koma daidai da su. Bayan kwana 20 aka rarraba sauran zuwa wasu ayyuka aka bar ta ita kaɗai, cikin 'yan kwanaki ta kai wajen 92, ta kuma zauna a nan. Da a ce wani mai bincike ya zo a mako na uku ya auna ta, da ya rubuta ta cikin masu ƙin sauyi, alhali abin da take gudu shi ne a ware ta a daina gaisawa da ita, wanda a wurin mafi yawan mutane ya fi asarar kuɗi nauyi.

Saboda wannan ne nake ɗari-ɗari da wata al'ada da ta yaɗu a manyan kamfanoni, ta raba wa ma'aikata takardun tambayoyi domin a gane halin kowa. Idan manufar ita ce a san wanda ke buƙatar ƙarin lokaci da wanda ke buƙatar ƙarin bayani, babu laifi. Idan kuwa manufar ita ce a tace masu gardama a zubar, to, ma'aikatar tana cutar kanta ne, domin ma'aunan nan karkatar mutum kawai suke nunawa, ba su yanke abin da zai aikata gobe, kuma ko a cikin binciken masanan kansu, amincewa da shugabanni da kyawun bayanin da aka yi suna da nasu babban rabo a cikin yadda ake karɓar sauyi. Bayan haka, ba kowane sauyi ne maslaha ba. Akwai tsare-tsaren da aka kawo da ganga da algaita suka ruguje cikin shekara biyu, kuma sau tari wanda ya fara hango ɓarakar shi ne mutumin nan mai yawan zullumi da tambayar "idan kaza ya faru fa?", wanda aka daina gayyata taro saboda yana ɓata wa mutane rai. Mai saurin karɓa shi ma yana da tasa illar da ba a cika faɗa ba: yakan gaji da abu kafin ya kafu, ya bar wa masu haƙuri wahalar ƙarasawa.

Tarihin ƙasar nan ma ya ba mu misalin da ya isa a yi tadabburi a kansa, ko da yake a nan masu neman sauyin ne halinsu ya saɓa. Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa da Malam Aminu Kano sun koyar a makarantar Midil ta Bauchi a zamani ɗaya, sun zauna a majalisar tattaunawa ɗaya tare da Malam Sa'adu Zungur, sun je Landan karatun malanta ɗaya bayan ɗaya, kuma dukansu sun yi imani cewa tsarin En'e yana buƙatar gyara mai zurfi. Amma Malam Abubakar, mutum mai taka-tsantsan da auna magana, ya zaɓi ya tashi a cikin Majalisar Arewa a Kaduna a watan Agustan 1950 ya kawo ƙudurin neman a binciki tsarin a gyara shi, a gaban waɗanda maganar ta shafa, da lafazin da za su iya haɗiyewa ko da da ɗaci. Malam Aminu kuwa, wanda jininsa bai yarda da jira ba, ya ajiye aikin koyarwa a Maru a ƙarshen wannan shekarar, ya rungumi jam'iyyar NEPU da aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta, ya fuskanci tsarin daga waje gaba da gaba. Magoya bayan kowannensu sun zargi ɗayan, waɗannan suna cewa tsoro ne, waɗancan suna cewa rashin ta ido ne, amma ni a ganina da wuya masu mulki su saurari mai lallashi da babu mai tsawa a bakin ƙofa, da wuya kuma tsawar ta zama doka da babu wanda ya zauna a ciki yana rubutawa. Gyaran kuwa ya zo ne daki-daki: dokar En'e ta 1954 ta tabbatar da cewa sarki zai yi mulki ne tare da majalisarsa. A 1968 aka ɗauke kotunan alƙalai daga hannun En'e aka mayar da su ƙarƙashin gwamnatocin jihohi, aka kuma shiga haɗe 'yan doka da 'yan sandan Nijeriya. A 1976 gyaran ƙananan hukumomi ya kawo ƙarshen tsarin baki ɗaya. Malam Abubakar bai ga waɗannan na baya ba, domin an kashe shi a juyin mulkin Janairun 1966. Malam Aminu kuwa yana kwamishinan tarayya a gwamnatin Janar Gowon sa'ad da aka karɓe kotunan, ya kuma rayu har 1983.